Haɗa kiristal da yara a wannan kaka: boraks, alimun ko gishiri?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Malamai da iyaye, shawara nake nema. Tun shigowar kaka nake ta cin karo da bidiyon iyayen Amurka suna yi da 'ya'yansu wani aiki. Su can yanzu ne ganye ke sauya launi yana zuba, sai su lanƙwasa waya mai gashi-gashi su yi siffar ganye, su tsoma ta a ruwan zafi da aka narka wani sinadari mai suna boraks a ciki, su bar ta ta kwana. Da safe a ciro ganyen ya cika da kiristal, wato 'yan ƙwayoyi masu tsararrun fuskoki kamar gilashi, yana ƙyalli. Yarana sun gani sun hana ni sakat. A ina ake samun boraks, kuma ba ya da illa?

Mai Kemis: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ana samunsa wurin maƙeran zinariya da masu walda, amma ni ban ba ki shawarar ki kai shi gida mai ƙananan yara ba. Farin gari ne, yaro ba zai bambanta shi da sukari ba. Idan ya shiga ciki yana sa amai da gudawa, yana kuma fusata fata da ido. Tun 2010 Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin sinadaran da ake sa wa ido sosai saboda illarsa ga haihuwa. Abin da ya fi damuna shi ne kiristal ɗinsa ya yi kama da alewa, kuma mun san halin yara da baki.

Malamin Kimiyya: Na goyi bayan Mai Kemis. Hajiya, abin da ya fi boraks kyau yana nan wurin 'yan koli: alimun, wanda iyayenmu ke jefawa a randa don ruwa ya kwanta, masu aski kuma ke gogawa inda aska ta yanka. Shi ake fara koya wa yara wannan aiki da shi a ƙasashe da dama, domin yana ba da ƙwaya garau mai fuska takwas, siffar dala biyu da aka haɗa gindinsu.

Ga sirrin. Ruwa mililita 100 mai sanyin digiri 20 ba ya iya narka alimun fiye da kusan giram 14. Idan ya yi ɗumi ya kai digiri 50 sai ya ɗauki kusan giram 37. To idan kika ƙosar da ruwan zafi da alimun, sannan ya huce, rarar da ba zai iya riƙewa ba dole ta fito, kuma a matsayin kiristal take fitowa.

Ki daka alimun ya yi gari. Ki zuba ruwan zafi kofi ɗaya a kwalba mai faɗin baki, ki riƙa zuba garin cokali-cokali kina juyawa har ki ga ya daina narkewa yana kwanciya a ƙasa. Ki tace da ƙyalle mai tsabta. Ki ɗiba kaɗan a sosa ki rufe da takarda. Washegari za ki tarar da 'yan ƙwayoyi a ƙasan sosar. Yaran su zaɓi wadda ta fi kyawun gefe, ita ce iri. A ɗaure ta da siririn zaren roba irin na kamun kifi, a gitta sillen kara a bakin kwalbar, a rataye ta a tsakiyar ragowar ruwan bayan ya huce sarai. Kada ta taɓa gindi ko gefe.

Uwar Biyu: Na gode Malam. Zaren ɗinki ba zai yi ba? Shi nake da shi.

Malamin Kimiyya: Zai yi, sai dai yana da gashi, kuma kowane gashi wuri ne da sabuwar ƙwaya za ta kama. A maimakon babba guda ɗaya sai ki samu ƙanana birjik a jikin zaren. Idan ado kike so, hakan ma alheri ne. Ki yi siffar ganye da waya, ki naɗe ta da zaren ulu, ki tsoma a ruwan alimun mai ɗumi ki bar shi ya kwana. Abin da kika gani a bidiyo za ki samu, ba tare da boraks ba.

Baban Ɗalibai: Ku gafarce ni, zan ɗan saɓa. Yaran nan suna tsakiyar zangon farko, jarrabawa na tafe. Yaron da bai iya jadawalin lissafi ba za a zaunar da shi yana kallon kwalba? Ni ina ganin wannan wasa ne na waɗanda makarantunsu suka riga suka gama musu komai. Kuma na ga wasu na yi da sukari, kofi biyu zuwa uku a kofin ruwa ɗaya. A wannan tsadar, wane magidanci ne zai yarda?

Malama Mai Sakandare: Baban Ɗalibai, ranka ya daɗe, a kan sukari ba ni da ja. Ruwa rabin lita yana cinye kusan kilo guda kafin ma a ɗora shi a wuta, sannan sai an jira mako ko fiye, ga kiyashi. Amma cewa wasa ne, nan kam ban yarda ba. A ajin farko na babbar sakandare muna koyar da hanyoyin raba abubuwa: tacewa, ƙafar da ruwa, fitar da kiristal. Yana fitowa a WAEC da NECO. Ɗalibi ya haddace ma'anar ruwan da ya ƙoshi, ya rubuta ta daidai, amma ka miƙa masa kofi da cokali ka ce ya haɗa maka, sai ya tsaya yana kallonka. Wanda ya taɓa juya alimun har ya ƙi narkewa tun yana firamare ba ya buƙatar hadda a nan. Gani ya kori ji.

Baban Ɗalibai: To Malama, ai aikinku ne ku nuna musu a makaranta. Me ya sa za a dawo da shi kan iyaye?

Malama Mai Sakandare: Da ma a ce kowace makaranta na da ɗakin gwaji mai aiki, da na ce ka yi gaskiya. Ko inda yake akwai, darasi minti 40 ne, kiristal kuwa kwanaki yake so. A gida ne yaro zai leƙa shi safe da yamma.

Malamin Kimiyya: Akwai inda Baban Ɗalibai ya fi mu gaskiya, kuma ina so a tsaya a kai. Idan uwa ce ta auna, ta juya, ta tace, ta rataya, da safe ta kira yara su zo su yi hoto, to wallahi ba a koyi komai ba. Wannan ne aibin yawancin bidiyon nan, ado ake nema. Kimiyya tana farawa ne daga kwalba ta biyu. A haɗa ruwa ɗaya, a raba shi biyu, a bambanta abu guda kawai. Wannan a naɗe ta da tawul a sa a cikin kula ta huce a hankali, waccan a tsoma gindinta a ruwan sanyi. Kafin a buɗe, a tambayi yaron wacce yake zaton za ta ba da manyan ƙwayoyi, ya rubuta a littafinsa da kwanan wata. Washegari ya gani da idonsa, ya auna da rula, ya zana. Ko zatonsa ya faɗi daidai ko bai faɗi ba, ya yi abin da masu bincike ke yi.

Amsar ita ce wadda ta huce a hankali. Ƙananan sassan alimun suna hawa jikin ƙwayar ne a jere, kowane da gurbinsa, kamar magini yana jera bulo. Idan aka ba shi lokaci gini ya miƙe, idan aka gaggauta shi sai a fara gine-gine da yawa lokaci guda, babu wanda ya girma.

Maman Auta: Malam, wannan na masu wayo ne. Nawa shekararsa biyar. Idan bai ga abu gobe ba ya manta da zancen. Ni dai a bar mu da adonmu.

Malamin Kimiyya: Babu laifi Hajiya, ɗan shekara biyar mamakin ma ya ishe shi. Ki bar shi ya juya cokali da hannunsa bayan ruwan ya sha iska, ya ƙirga fuskokin ƙwayar. Littafi sai ya girma.

Ɗan Agadas: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina ta karantawa ina jin daɗi, domin abin da kuke so ku yi a kwalba shi ne sana'ar mutanen Bilma da Fashi a nan Nijar tun kaka da kakanni. A can ana haƙa ramuka, ruwan gishiri ya taru daga ƙasa, rana ta yi ta ƙafar da shi. Gishiri ya yi ɓawo a saman ruwan, masu aiki su fasa shi ya nutse, wani ya sake kamawa. Mai tsabta da ake ci shi ne beza. Wanda ya gauraya da ƙasa shi ake zubawa a mazubi a yi kantu na dabbobi. Kuma a daidai wannan lokaci, daga Oktoba, ayarin raƙuma ke tashi daga Abzin ya ratsa hamadar Tenere da gero, ya dawo da gishiri da dabino. Tsakanin Agadas da Bilma tafiyar kusan kilomita 600 ce. Idan yaro ya zuba ruwan gishiri a faranti, ku gaya masa cewa ƙaramar Bilma ya yi. 'Yan lakwal ɗinmu, wato 'yan makaranta, da yawa sun san kantu a kasuwa amma ba su san yadda ya samu ba.

Malama Mai Sakandare: Madalla da wannan. A nan Najeriya ma akwai Keana da Awe a jihar Nasarawa, inda mata ke tace ruwan gishiri ta cikin ƙasa sannan su dafa shi a wuta har ya ƙafe. Ga gwaji nan a shirye: na wuta yana fitowa da ƙananan ƙwayoyi saboda sauri, na rana ya fi girma.

Uwar Biyu: To shi gishirin, yaya awonsa? Shi ma sai da ruwan zafi?

Malamin Kimiyya: Gishiri halinsa daban, kuma wannan ne ya sa nake son a yi su tare. Ruwa mililita 100 yana ɗaukar kusan giram 36 yana sanyi, idan ya tafasa ya ɗauki kusan 39. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Saboda haka hucewa ba ta fitar da shi sosai, sai ruwan ya ƙafe. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, za ta ɗauki kusan giram 180, wato babban cokali goma a shafe. Ki juya sosai, ki bar shi ya kwanta, ki tsiyaye na sama ta cikin ƙyalle. Gishirin leda akan sa masa abin hana dunƙulewa, shi ke sa ruwan ya yi fari-fari, tacewar za ta rage shi. Ki zuba a faranti mai duhu, ki ajiye a inuwa. Ƙwayarsa murabba'i ce ta kowane ɓangare, fuska shida. Ko an niƙa ta, gutsattsarin ma haka suke fashewa.

Dalilin siffar an gano shi a 1913, lokacin da William Bragg da ɗansa Lawrence a Ingila suka haska gishiri da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, suka ga sinadarai biyu da suka haɗu suka yi gishiri, sodiyam da kulorin, suna jere ɗaya bayan ɗaya ta kowace fuska. Sun samu kyautar Nobel a 1915, Lawrence yana da shekara 25.

Ɗalibar Jami'a: Malam, bari in ƙara wadda ta fi burge ni, musamman don masu 'ya'ya mata. Dorothy Hodgkin an haife ta a Alƙahira a 1910, iyayenta sun yi aiki a Sudan. Tana kimanin shekara goma aka sa su haɗa kiristal na alimun da na wani shuɗin sinadari mai suna kofa salfet a wani ƙaramin aji a Ingila, daga nan ba ta sake barin fannin ba. Ita ta gano tsarin fenisilin a 1945, sannan na bitamin B12, sannan na insulin a 1969, duk ta hanyar haska kiristal ɗinsu. Labarin kyautar Nobel ta 1964 a Gana ya same ta, inda mijinta ke aiki a jami'a. Alimun ɗin da Malam ya ce a daka, irinsa ta fara da shi.

Baban Ɗalibai: Na ji. Amma ita ai a aji aka koya mata, ba a tsakar gida ba. Maganata tana nan.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, ni tsohuwa ce a cikinku. Tun ina yarinya nake ganin alimun a randa, ban taɓa sanin yana da siffa tasa ta kansa ba sai yau. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsara komai da awo. Abu ɗaya zan roƙe ku: kada a zuba ruwan nan a robar lemo ko kofin da ake sha da shi. Ruwan alimun garau yake, yaro mai ƙishi zai ɗauka ya kafa kai. A ɗaura masa jan ƙyalle, a ɗora can sama. Kuma ruwan zafi babba ne zai riƙe.

Mai Kemis: Allah ya ƙara girma, Hajiya. Ɗan abin da ake jefawa a randa daban, ruwan da aka ƙosar daban. Wannan zai ƙona baki ya ɓata ciki. A wanke hannu bayan an taɓa, a kiyaye ido. Kofa salfet da Ɗaliba ta ambata kuwa, shuɗin nan mai kyau, guba ne sosai, a bar wa ɗakin gwaji. Masu niyyar yin na sukari su sani cewa ruwan sukari mai tafasa ya fi ruwan zalla zafi, kuma yana manne wa fata.

Maman Auta: Na dawo da ƙorafi. Mun yi na alimun, amma abin da ya fito wani farin kunu ne mai ɓarɓashi, babu ƙwaya ko ɗaya.

Malamin Kimiyya: Hajiya, alimun ɗin da kika saya garau yake ana hango haske ta cikinsa, ko fari ne fat mai kama da dutse?

Maman Auta: Fari ne, dunƙule-dunƙule.

Malamin Kimiyya: Ina kyautata zaton a nan matsalar take. Abu biyu ake sayarwa da suna ɗaya. Akwai wanda gidajen ruwa ke amfani da shi, aluminiyam salfet, yana kwantar da laka sarai amma ba ya ba da ƙwaya mai kyau. Akwai kuma mai fotasiyam ko amoniyam a ciki, shi ne garau ɗin, irin na masu aski. Shi za ki nema. Ki ɗaga shi sama a gaban mai kaya ki ga ko haske na ratsa shi.

Uwar Biyu: Mu alhamdu lillahi iri ya fito, yaran sun ƙirga fuska takwas suna ta ihu. Amma da muka rataye shi, da safe sai mu ga ya ƙaru, da la'asar kuma gefensa ya dushe kamar yana raguwa. Na gishirin kuma ya hau bangon faranti ya yi fari har waje.

Malamin Kimiyya: Wannan kaka ce ke magana. Yanzu dare ya fara sanyi, rana kuma da sauran zafi. Da rana ruwan ya yi ɗumi, ya koma yana iya ɗaukar ƙarin alimun, sai ya ci daga jikin ƙwayar. Da dare ya mayar. Ki ɗauke kwalbar daga taga ko ƙarƙashin kwano, ki kai ta inda zafi ba ya hawa da sauka: kusa da randa, ko ƙuryar ɗakin ƙasa, ko cikin kula a bar murfin a ɗan buɗe. Ki bar 'yan ƙwayoyi kaɗan a gindin kwalbar, su ruwan zai fara ci. Idan suka yi yawa kuma sai ki juye ruwan a wata kwalba mai tsabta, don kada su raba abinci da babbar.

Shi gishiri bai damu da wannan ba, bushewar iska ce ke tafiyar da shi. Idan hunturu ya kankama laimar iska a arewa takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ruwa ya ƙafe da gudu. Amfaninsa ba a jira da yawa. Illarsa ƙwayoyin kan fito da rami a tsakiya mai hawa-hawa, saboda gefuna sun riga tsakiya girma. Ki shafa ɗan basilin a bakin farantin daga ciki, zai hana shi hawa. Ki rufe da takarda mai 'yan huji. Ƙurar hazo babbar abokiyar gaba ce, duk ƙwayar ƙura da ta faɗa sai kiristal ya kama a kanta. Shi ya sa na fi son a yi yanzu kafin hazo ya sauka sosai.

Ɗan Agadas: Malam, kanwa fa? Ita ma ai daga ƙafewar ruwa take samuwa, a ƙasar Manga da gefen Tafkin Cadi.

Malamin Kimiyya: Haka ne, sai dai ita gauraye ce: gishirin soda iri biyu, da gishirin ci, da yashi. Kowane na son ya fito da tasa siffar, sai a ƙare da ɓawo. Amma tana da nata darasin. A jiƙa ta, a tace, a ƙafar da ruwan, yaro ya kwatanta farin da ya samu da abin da ya fara da shi. Kuma a gwada ɗiga ruwanta a ɗan zobo, tunda yanzu ake girbinsa, ja zai juya ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Kada dai cokalin kanwa ya shiga kwalbar alimun, za su yi kumfa ruwan ya ɓaci.

Maman Auta: In zuba kalar abinci don ƙwayar ta yi ja?

Ɗalibar Jami'a: Anti, kaɗan za ta kama. Kiristal yana ture baƙo yayin da yake girma, don haka babbar ƙwaya za ta fito kusan garau ko da ruwan ja ne. Da wannan halin ake tsarkake sukari da magunguna a masana'anta. Idan launi kike so, ki yi amfani da ulu mai launi, zai riƙa haskowa ta cikin ƙananan ƙwayoyin.

Malamin Ƙauye: Ni a ƙauye nake koyarwa, ba mu da fiya wata a kusa, sai rijiya. Zai yi? Kuma in ya girma yaya za mu adana shi, ina so in ajiye a aji don 'yan baya.

Malamin Kimiyya: Zai yi, Malam. A tafasa ruwan, a bar shi ya kwanta, a tace. Idan aka zuba alimun ruwan ya gurɓace, a bar shi ya kwana, alimun ɗin da kansa zai kwantar da dattin, sai a tsiyaye na sama a yi aiki da shi. Kwalaben zuma ko na man shafawa da aka wanke sosai sun isa, kowane rukuni na yara da tasu da sunansu a jiki. Wajen adanawa, a ciro ƙwayar a tsane ta da ƙyalle mai laushi, kada a wanke da ruwa, kada a riƙa jagwalgwala ta da hannu mai gumi. Ta alimun takan yi fari-fari a sama idan ta daɗe a busasshiyar iska, ta gishiri kuma takan jiƙe da damina. Dukkansu a sa a ƙaramar kwalba mai murfi a ɗaure sosai, ko a shafe su da man farce marar launi. A rubuta ranar da aka fara da ranar da aka ciro a liƙa a jikin murfin.